Lambobin gano wuri a taswira: me ya kai ƙauyenmu kudu da Tawa?

Baban Nana, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin taswira da ke cikin wannan zaure. Ƙungiyar ƴan garinmu mazauna Yamai ta tara kuɗin haƙa foraj a ƙauye, arewa da Tawa kaɗan. Masu injin sun ce kafin su taso mu turo musu lambobin wurin, latitud da lonjitud. Ƙanena da ɗan maigari suka tsaya wuri guda, gindin wani gawo a bakin filin, kowa ya duba salularsa ya turo. Na ɗaya lambobinsa da ɗigo a tsakiya, na ɗayan kuma da ɗan zobe a sama da wasu ƴan sanduna. Sakataren ƙungiya ya kwafe na biyun ya sa a Google Maps, sai alamar ta faɗa can kudu da Tawa, nesa da mu ƙwarai. To wane ne daidai a cikinsu? Kuma don Allah me zai hana a faɗa wa masu injin sunan gari kawai su zo?

Mushe Idi, Tawa:
Wa alaikumus salam. Baban Nana, ina kyautata zaton su biyun duk daidai suke, wajen kwafa ne abin ya lalace. Bari in fara daga tushe saboda waɗanda suka daɗe da barin lekol.

Lamba ta farko, latitud, tana gaya maka nisan da ka yi daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A kan layin sifili ne, a ƙarshen arewacin duniya digiri 90. Lamba ta biyu, lonjitud, tana gaya maka nisanka gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic, wata unguwa a Landan. Garin Tawa yana wajen 14°53' arewa, 5°16' gabas. Yamai tana wajen 13°31' arewa, 2°07' gabas.

Ɗan zoben nan shi ne digiri. Sanda ɗaya minti ce, sanda biyu sakan. Lissafinsu irin na agogo ne: minti 60 ke yin digiri ɗaya, sakan 60 ke yin minti ɗaya. Shi kuwa rubutu mai ɗigo, kashi goma-goma yake tafiya. Saboda haka 14°53' ba 14.53 ba ne. Sai ka raba 53 da 60, ka samu 0.88, wato 14.88. Wanda ya cire zoben ya sa ɗigo a wurinsa ya rage 0.35 na digiri bai sani ba. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ƙasa, ka ga kenan ya ja wurin kudu da kusan kilomita 39. A lamba ta biyu ma 5°16' shi ne 5.27, ba 5.16 ba, wannan kuma ya tura shi yamma da fiye da kilomita 11. Ka tambayi sakatarenku, ina jin abin da ya yi kenan.

Baban Nana, Yamai:
Na kira shi yanzu, haka ya yi. Ya ce zoben ne bai samu a madannin salularsa ba. Allah ya saka da alheri, Mushe. Da mota ta tashi da waɗannan lambobi, kuɗin gazuwal kaɗai ya ishe mu baƙin ciki.

Maman Sadiya, Yamai:
Mushe, ni ma ga tawa. Wace ake fara rubutawa? Ɗiyata ta turo mini na gidan da suka koma a Tawa, na sa a taswira sai na ga kore shar, daji ko'ina, har da koguna.

Abdu Direba, Tawa:
Maman Sadiya, juya su aka yi. Latitud ake farawa da ita, sannan lonjitud. Idan kika juya na Tawa, kika sa 5.27 a gaba 14.88 a baya, za ki faɗa yammacin Afirka ta Tsakiya, kusa da iyakar Kamaru. Dajin da kika gani kenan. Na Yamai idan aka juya, dajin iyakar Kamaru da Kwango yake kai mutum.

Ni aikina kai ma'aikatan lafiya da na ruwa ƙauyuka, kullum da lambobin nan nake kwana nake tashi. Kafin in tayar da mota ina duba abu biyu. A jihar Tawa ta farko ba ta sauka ƙasa da 13, ta biyu kuma tana tsakanin 4 da 7 ko kusa da haka. In na ga ƙarama a gaba, na san an juya. Sai dai wannan dabara ba ta aiki ko'ina. Diffa tana wajen 13.3 da 12.6, lambobin sun yi kusa da juna, idan aka juya su ba za ka lura da ido ba, alhali ka tsallaka cikin jihar Barno ta Najeriya.

Abu na biyu shi ne waƙafi. Salula da kwamfuta masu Faransanci sukan rubuta 14,88 da waƙafi maimakon ɗigo. Ka haɗa da waƙafin da ke raba lambobin biyu, sai taswira ta ga lambobi huɗu ta rikice. Ku mayar da na ciki ɗigo, ku bar waƙafi ɗaya tak a tsakani: 14.88, 5.27. Kuma Nijar duka arewa take da ikwaita, gabas da Girinwic, don haka duk wanda ya ga alamar ragi a gaban lambarsa, ko harafin S na kudu, ko W ko O na yamma, akwai kuskure.

Alhaji Mamman, Tawa:
Salamu alaikum. Ni dai tsoho ne, jikana ke rubuta mini. Na ji bayaninku, kuma ban raina ilimi ba. Amma ku bari in faɗi abin da ke raina. Na yi tuƙin babbar mota hanyar Agadas tun kwalta ba ta kai ba. Abalak, Ingal, duk mun bi. Ba mu da lamba ko ɗaya. Abin da munka riƙe shi ne rijiya, da dutse, da launin ƙasa, da mutanen da munka tarar bisa hanya. Buzayen da ke kai ayarin gishiri Bilma da Fashi, wa ya ba su salula? Madugu shina duban tauraro da yadda iska ta kwantar da rairayi, shi kai raƙuma ɗari-ɗari bakin rijiya. Yau ina ganin yaro ya duƙar da kai bisa gilashi, shi wuce tsoho zaune bakin hanya ba shi ko yi mai sallama, balle shi tambaya. Matambayi ba ya ɓata, haka munka gada. Abin da ni ke tsoro, ranar da batir ya mutu tsakiyar Azawak, wanga yaro bai san gabas ba bai san yamma ba. Baban Nana ya tambaya mi ya hana a faɗi sunan gari, kuma ban ji wanda ya amsa mai ba.

Abdu Direba, Tawa:
Baba Alhaji, maganarka ta batir gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Ni ma ba na shiga arewa sai da ɗan gari a gefena. Amma sunan gari kaɗai yana yaudara. Illela biyu ce, tamu ta jihar Tawa da ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni. Sabon Gari nawa ne a ƙasar Hausa? Tudun Wada fa? Ga Tunga, ga Gidan wane, ga Zangon wane. Sannan rubutun ma bai daidaita ba: yadda Faransawa suka rubuta a taswira dabam, yadda muke faɗa dabam, Cintabaradan kaɗai na ga an rubuta ta iri-iri. Ƙananan ƙauyuka da rugage da yawa ma ba su cikin taswirar sam. Kuma mai injin foraj ba gari yake nema ba, wurin da mai binciken ruwa ya ce a huda yake nema. In ya kauce da mita ɗari biyu yana iya huda dutse a banza.

Mushe Idi, Tawa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tauraron da madugu ke duba, latitud ɗin kenan yake aunawa, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Tauraron arewa ba ya yawo kamar sauran, kuma tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da latitud ɗin inda kake tsaye, da ɗan bambanci kaɗan. Jikanka ya gwada yau da dare a bayan gari inda ba fitila: ya miƙe hannu sosai ya dunƙule, dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne. A Tawa zai samu tauraron a dunƙule ɗaya da rabi, wato wajen 15. A Agadas, da ke 16°58', ya ɗan ƙara ɗagawa. Duk wanda ya yi arewa ya ga tauraron yana hawa, wanda ya yi kudu ya ga yana sauka, in ya tsallake ikwaita ya ɓace masa.

Gabas da yamma ne suka wahalar da mutanen da, don sama ba ta ba da wannan amsa sai an haɗa da agogo. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, digiri 15 kenan a awa, minti 4 a kowane digiri. In ka san ƙarfe nawa ne a Girinwic lokacin da rana ta tsaya tsaka a inda kake, ka san lonjitud ɗinka. Jiragen ruwa sun yi ta halaka saboda rashin agogon da zai jure tangaɗin teku, har majalisar Ingila ta sa ladan fam 20,000 a 1714. Wani kafinta mai gyaran agogo, John Harrison, ya ƙare rayuwarsa a kan wannan aiki, agogonsa na huɗu da ya gama a 1759 shi ne ya ci gwajin teku.

Malam Sani, Yamai:
Mushe ya taɓo inda ya shafe mu kai tsaye. Kowace shekara da azumi sai an yi wannan gardama a gidajenmu: ƴan uwa a Tawa sun kira sun ce sun sha ruwa, mu a Yamai rana ba ta faɗi ba. Ku lissafa da abin da ya faɗa. Tsakanin 5°16' da 2°07' akwai digiri uku da ɗan ɗori, kusan minti 12 zuwa 13 kenan, yana ɗan motsawa gwargwadon lokacin shekara. Damagaram tana 8°59', ta riga Yamai da kusan minti 27. Diffa ta riga ta da kusan minti 42. Agogonmu ɗaya ne a ƙasa duka, amma rana ba ta bin agogon gwamnati. Shi ya sa ba ya halatta mutumin Yamai ya buɗe baki da jadawalin Damagaram, kuma manhajar lokutan salla da ke salula ba ta da amfani in ba a sa mata garin da mutum yake ba.

Kuma kada a ɗauka ilimin nan baƙo ne a Musulunci. Neman alƙibla ne ya sa malamanmu suka zurfafa a cikinsa. Al-Khawarizmi a Bagadaza, ƙarni na 9, ya jera lambobin wurare fiye da 2,000. Al-Biruni a ƙarni na 11 ya auna na garin Gazna, a Afganistan ta yau, don a daidaita alƙiblarsa. Ka'aba tana 21°25' arewa, 39°50' gabas. Mu muna 13 zuwa 15, ita tana 21, kenan ba gabas sak take da mu ba, ta karkata arewa. Daga Yamai alƙibla tana wajen digiri 72 in an fara ƙirga daga arewa ana juyawa dama, daga Tawa wajen 73 da rabi, alhali gabas sak 90 ce.

Maman Sadiya, Yamai:
Malam, to wanda ba shi da na'ura fa, yaya zai gane?

Malam Sani, Yamai:
Akwai hanya mai sauƙi, Hajiya. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ki kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ki ja layi a kan inuwarta. Daga bakin inuwar zuwa gindin sandar, nan ce alƙibla.

Nasiru, ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne Girinwic ɗin nan. Ikwaita na gane, halitta ce ta ajiye ta. Amma sifilin gabas da yamma mutane ne suka zauna suka zaɓa, a taron Washinton na 1884, ƙasashe 25. Ashirin da biyu suka zaɓi Girinwic saboda yawancin jiragen ruwa da taswirar Ingila suke aiki. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, ta ci gaba da layinta na Paris har shekaru bayan haka. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe taron Balin da aka tsara rabon Afirka. Da irin waɗannan layuka aka yanka mu. Ku dubi Sakkwato, Ƙonni da Tawa: 5°14', 5°15', 5°16'. Kusan a layi guda suke daga kudu zuwa arewa, mutane ɗaya, harshe ɗaya, aka gitta iyaka a tsakani.

Mushe Idi, Tawa:
Nasiru, tarihin da ka kawo haka yake. In ƙara maka: layin Paris yana 2°20' gabas da Girinwic, wato yana wucewa kusan kilomita 24 gabas da Yamai. Wanda ya samu tsohuwar taswirar Faransawa ta farkon zuwansu, ya duba daga wane layi aka ƙirga kafin ya yarda da lambar. Shi kuwa layin Girinwic, bayan Ingila da Faransa da Sifen, ya ratso Aljeriya, Mali dab da Gawo, Burkina Faso, Togo, ya faɗa teku a Tema ta Gana.

Amma ban yarda a ƙi awo don wanda ya fara riƙe igiyar ba. Da Nijar da Burkina suka kai rikicin iyakarsu kotun duniya ta Heg, hukuncin 16 ga Afrilu 2013 da lambobin nan aka rubuta shi, wuri bayan wuri, aka rabu ba a harba bindiga ba. Da ba mu da masu karanta su, da wasu ne za su karanta mana.

Injiniya Zainabu, Yamai:
Salamu alaikum. Awon fili ne sana'ata, kuma akwai abin da nake so a ji da kyau tun kafin kowa ya fita da salula ya ce zai auna gonarsa.

Na farko, yawan lambobin bayan ɗigo. Lamba ɗaya bayan ɗigo kusan kilomita 11 ce, biyu kilomita ɗaya da ɗan kai, uku mita 111, huɗu mita 11, biyar kusan mita ɗaya. Don neman gari, biyu sun isa. Don foraj ko gida, a turo biyar. Kada mai kwafa ya yanke wutsiyar don ya ga ta yi tsawo.

Na biyu, salula tana iya nuna maka lambobi bakwai bayan ɗigo, wannan ba ya nufin ta san wurin haka. A fili buɗaɗɗe kuskurenta yakan kai mita uku zuwa biyar, a cikin ɗaki mai rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine ya fi haka nesa. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda salula ke samun lambobin daga gare su, suna sama da mu da kusan kilomita 20,200, kuma sai na'ura ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Ka fita waje, ka tsaya minti ɗaya ko biyu har lambobin su natsu, sannan ka rubuta.

Na uku, in kun ga takardar fili da manyan lambobi marasa digiri, masu kamar dubu ɗari bakwai da miliyan ɗaya da wani abu, wannan wani tsarin awo ne mai suna UTM, da mita ake ƙirga shi, kuma ya raba duniya yanki-yanki. Yamai, Doso da garin Tawa suna yanki na 31, wanda ya tsaya a digiri 6 gabas. Maraɗi, Damagaram da Agadas suna 32, Diffa da Bilma 33. In ba a rubuta yankin ba, lambar ba ta cika ba. Haka tsofaffin taswirorin nan na 1/200,000 da Faransawa suka zana, ba a kan ma'aunin WGS 84 da salula ke bi aka yi su ba, ana iya samun saɓanin mita ɗari ko fiye.

Abin da ya sa na dage: na ga ƴan uwa biyu, uba ɗaya, sun daina gaisawa saboda ɗan ɗayansu ya zo daga birni ya zagaya gona da salula, ya ce iyakar ta shiga ta baffansa da taku huɗu. Taku huɗun nan cikin kuskuren na'urar suke. Gamba da kakansu ya dasa a kan iyakar tana nan, kowa a garin ya san ta.

Alhaji Mamman, Tawa:
Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Abin da ni ke nufi kenan. Iyakar gona shaidu ne, da icce, da gamba, da maigari. Yanzu an zo ana son a ce duk wanga bai da amfani sai lamba.

Bello, Abalak:
Baba Alhaji, da girmamawa, a nan na saɓa da kai. Ni ɗan makiyaya ne. Shaidu suna mutuwa, icce ana sare shi, gamba ana tuge ta da dare. Burtalin da mahaifina ya bi da shanu zuwa arewa, yau wani wurin ko sa biyu ba su jerawa. Kowace damina gona tana cin taku ɗaya, taku biyu, in ka yi magana a ce kawo shaida, shaidun kuma duk ƴan garin ne, mu masu wucewa ne. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ku zo ku ga inda gonaki suka kai yau. Inda aka bi burtali da na'ura aka rubuta lambobinsa, aka kafa ginshiƙan siminti, ko an tumɓuke ginshiƙin ana iya komawa a ce nan yake. Wannan takarda ita ce shaidar wanda ba shi da kowa a gari. Rayuka nawa aka rasa a kan ɓarnar gona da toshe hanya? Ni dai in an ce in zaɓa, lamba nake so.

Injiniya Zainabu, Yamai:
Malam Bello, ba na ce kada a auna ba. Na ce kada mutum ɗaya ya auna shi kaɗai da salula ya kira shi hukunci. Burtali mai faɗin mita hamsin, kuskuren mita uku ba ya ɓata shi, don haka can na'urar hannu tana da amfani sosai. Iyakar gona tsakanin maƙwabta kuwa, inda ake faɗa a kan kunya biyu, sai na'urar masu awo wadda ke kai santimita. Kuma dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Kofo, don aikin nan. Yadda ya kamata a yi shi ne a tara maigari, da masu gonakin da ke maƙwabtaka, da wakilin makiyaya, a taka iyakar tare a ƙafa. Inda duka suka ce nan ne, nan ake ɗaukar lamba, a rubuta, kowa ya sa hannu. Na'ura ba ta san ta wane ne ba, inda aka tsayar da ita kawai take faɗa. In an tsayar da ita a wurin ƙarya, ƙaryar za ta adana har jikoki.

Bello, Abalak:
To a nan mun haɗu, in dai za a kira mu ranar takawar. Sau da yawa ana yin ta ne da rani bayan mun yi kudu, mu dawo mu tarar an gama.

Alhaji Mamman, Tawa:
Wagga magana ta Bello gaskiya ce, na gani da idona. A kira su. In an tara kowa anka taka tare, to a rubuta lambar, ban ƙi ba.

Hadiza, Tawa:
Ina karatu tun ɗazu ban sa baki ba. Ina roƙon a yi hattara da inda ake tura lambobin nan. Wanda ya samu guda biyar bayan ɗigo ya samu ƙofar gidanka. Hoton da aka ɗauka da salula ma yakan ɗauki lambobin wurin a ɓoye in ba a kashe abin ba. A halin tsaron da muke ciki, kada a sa na gida, ko na rugga, ko na inda dabbobi ke kwana a babban zaure irin wannan. A tura wa mai buƙata shi kaɗai. Ƴan mata musamman, ku daina tura inda kuke ga wanda ba ku sani ba.

Sai tambaya ga Abdu: in babu rezo fa? Ƙauyen kakata sai an hau tudu ake samun kira.

Abdu Direba, Tawa:
Hadiza, GPS ba ruwansa da rezo ko kiredi. Salula saurare kawai take yi daga sama, ba ta aika komai. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar da kuma turawa. Don haka tun kina gari ki sauke taswirar yankin a salula. A ƙauye ki buɗe, ki danna ɗigon shuɗin nan mai nuna inda kike ko ki daɗe da yatsa a kan wurin, lambobin za su fito. In babu rezo takan ɗan jima kafin ta kama, ki yi haƙuri da ita. Ki rubuta su a takarda da biro, in kin hau tudun ki tura ta saƙon SMS, ko ki karanta wa mutum a kira, lamba-lamba, shi ma ya maimaita miki.

Haka muka yi da wata mai naƙuda a wata rugga bara da damina. Yaron da ya kira ya karanto lambobin, suka nuna mana ruggar tana hayin wani kwari. Lambar ba ta gaya mana kwarin ya cika da ruwa ba. Wani dattijo mai jaki ne ya nuna mana mashigi can gaba inda ƙasa ke da tsakuwa, muka tsallaka muka ɗauko ta.

Hadiza, Tawa:
Ta sauka lafiya?

Abdu Direba, Tawa:
Lafiya lau, a asibiti, namiji. Tun daga ranar duk mashigin kwari da aka nuna mini ina ɗaukar lambarsa, in rubuta a littafi da sunan da mutanen wurin ke kiransa da watan da na bi. Direbobin da ke bin hanyar Kaita da Buza da damina, duk mai so ya yi mini magana ta gefe in tura masa.